Jan Tsumman Da Ya Ƙi Riƙe Launi

Ranar Asabar a kasuwar manoma ta garin Duluth da ke Amurka, Linnea tana jera tsummokaran wanke-wanke da take saƙawa da zaren auduga, sai wani dogon saurayi ya tsaya a gabanta. Ya ce sunansa Tobin, ya ɗauki ja guda, amma idonsa ba a kan tsumman yake ba. Ta yi masa bayanin da take yi wa kowa: a fara jiƙa shi a ruwan sanyi da ɗan ruwan khal, ban da ruwan zafi, a shanya a inuwa.

Mako na zagayowa sai ga shi da tsumman ya koɗe fat. Ya rantse bai saɓa ko ɗaya ba. Ta ba shi wani, shi ma haka ya dawo, kuma a gaban masu saye.

Hankalin Linnea ya tashi. Ta canja zare, ta gwada wankewa a gida, nata ya fito jajir. Mahaifiyarta ta ce yaron nan suna yake son ɓata mata, ta fita harkarsa, ga Garrett mai shagon zare nan ya daɗe yana bibiyarta. Ita kuwa ta rasa gane kanta. Haushin Tobin take ji, amma duk Asabar idonta na kan hanya.

Da abin ya ishe ta, ta tura masa saƙo: "In sona kake yi ka faɗa. In sana'ata kake son kashewa, ita ma ka faɗa."

Ya amsa: "Na farkon ne, Linny tawa. Tsumman kuwa, na rantse ni ma kaina a ɗaure yake."

Ta ce sai ta gani da idonta. Ta je gidan da yake zaune da kakarsa Ardis, ya wanke sabo a gabanta daidai yadda ta koya masa, ya shanya. Sun fita shan kofi ta tuna ta bar wayarta, sai ta koma. Tana shiga kicin ta tarar da tsohuwar riƙe da kwalbar bilic, tsumman na cikin kwano.

Ko kunya Ardis ba ta ji ba.

"'Yar nan, jikana nauyin baki gare shi. In tsumma bai lalace ba, da wane dalili zai koma wurinki?"

Tobin da ya biyo ta ya daskare a bakin ƙofa. Linnea ta rasa kuka za ta yi ko dariya, sai ta haɗa biyun.

Mahaifiyarta ta fi kowa wuyar sauka. Sai da Ardis ta tako kasuwa da sandarta ta wanke sunan Linnea a gaban jama'a, sannan uwar ta yarda Tobin ya zo cin abincin Lahadi.

Da bazara aka ɗaura auren a wani ɗan coci a bakin tafki. Da fasto ya tambayi Linnea ko ta amince, bai ma kai ƙarshe ba ta amsa. Mahaifiyarta ta haɗa hannayensu cikin nata.

"Allah Ya zaunar da ku lafiya, 'ya'yana."