Takalmin Da Ya Ƙi Tsufa

Mai karatu, ka taɓa ganin uwar da ta zubar da hawaye don takalmin 'yarta ya ƙi tsufa? To, gyara zama.

Malama tana koyarwa a firamare. Mijinta mai gyaran firji da fanka ne, shagonsa a ƙofar gida, kowa Injiniya yake ce masa. Auren soyayya suka yi, har yau shi ke karɓar jakarta in ta dawo daga makaranta. 'Yarsu ɗaya, suna ce mata Walƙiya saboda murmushinta. Da ɗaurarrun ƙafafu aka haife ta, tsararrakinta na guje-guje ita tana jan ciki.

Likitar da ke duba ta tana wani babban asibiti, tafiyar yini guda a mota. Can aka yi mata takalmin gyaran ƙafa mai maɗauri har gwiwa, aka ce ta yini da shi tana dafa bango tana takawa. Tun daga nan, duk ƙarshen mako Likita ke duba ta ta kiran bidiyo.

Wata Asabar suna tsakar gida, Injiniya na ɗaga waya sama yana farautar netwok, Likita ta ce, "Malama, ƙafar nan ba ta sakewa. Juyo min ƙasan takalmin in gani."

Malama ta juyo shi. Sabo fil! Zanen robar ko ɗaya bai goge ba.

"Watanni ana tafiya da takalmi ya zauna haka? Ba a sa shi, Malama. In jijiyar ta ƙara ɗaurewa sai tiyata, kuma ko an yi ban yi muku alkawari ba."

Aka kashe waya. Malama ta dubi mijinta, ya sunkuyar da kai.

"Ni ke cirewa!" Inna, uwar mijin, ta faɗa daga kan tabarma. "Kina fita nake cire shi in goya abata. Yarinya na tsala ihu kamar ana yanka ta, ke kina can kina koya wa 'ya'yan wasu karatu!"

"Amma Inna, kullum da shi nake samun ta..."

Sai maganar ta maƙale. Ta juya a hankali. "Baban Walƙiya, kai ke mayar mata kafin in dawo?"

"Sori, Malama... uwata ce. Me zan ce mata?"

"Ni kuma wace ce? Jakar da kake karɓa a ƙofa, ashe tsayar da ni kake yi kada in ga maɗaurin a kwance!"

"Ahaf!" in ji Inna. "Likitar cikin waya, ko taɓa yarinyar ba ta yi, ita za ta fi ni sanin ciwon jikata? Ka zaɓa, ko ƙarfen nan ya bar gidan nan, ko ni."

Malama ta shige ɗaki ta yi kuka har idonta ya kumbura. Zuciya ta ce ta ɗauki 'yarta ta tafi gidansu. Amma in ta tafi, wa zai zauna da Walƙiya lokacin makaranta? Kuma tsohuwar nan ba ƙiyayya ce ta sa ta ba, so ne ya yi mata yawa. Ta share fuska. Ba gida za ta bari ba, Inna za ta jawo.

Da safe ta sami Inna tana shafa man zafi a ƙugu. Ta durƙusa, ta karɓi man ta ci gaba da shafa mata.

"Inna, bayan nan naki tun yaushe yake ciwo?"

"Tun da ƙawar tawa ta yi nauyi."

"Yanzu ke nan. In ta zama budurwa fa, wa zai goya ta? In babu ke, babu ni?"

Malama ta ajiye takalmin a cinyar Inna. "Ni ma in ta yi kuka hanjina ke tsinkewa. Ba zan iya ni kaɗai ba, Inna. Ke take jin maganarki."

Inna dai ba ta ture takalmin ba.

Ranar Litinin Injiniya bai buɗe shago ba. Da Malama ta dawo ta tarar da bututun ƙarfe biyu a kafe a tsakar gida, daidai tsayin hannun Walƙiya, shi kuma duk jikinsa siminti.

"Madafa ce. Na tura wa Likita hoto, ta ce daidai ne." Ya miƙa hannu zai karɓi jaka. "Filis, ranki ya daɗe, an yafe wa mai gyaran fanka?"

"Sai ƙasan takalmi ya cinye," ta ce, amma ta sakar masa jakar.

Ba a sha da daɗi ba. Walƙiya ta yi ta ihu, Inna na ɗaure maɗauri tana hawaye, sannan ta koma ƙarshen bututun ta zauna tana tsokana: "Ragguwa! Taho ki ƙwace ɗankwalina in kin isa!" Yau taku ɗaya, gobe faɗuwa, jibi taku uku.

Da lokaci ya ja, wata Asabar Inna ce ta fizge wayar, ta kanga ta a fuskarta tana ɗaga takalmin.

"Likita, kina gani? Ya cinye har ya huje! A aiko mana wani!"

Likita ta yi dariya. "Inna, ja wayar baya, hancinki kawai nake gani. Maganar tiyata kuwa, mun ajiye ta tukuna."

Malama ta rufe fuska tana kuka. Injiniya ya matso ya raɗa mata, "To, an yafe?"

"An yafe."

Haƙuri ya yi rana. Tausayin da ke hana magani cuta ne, kuma yaro irin Walƙiya gida guda ke jinyarsa, ba uwa kaɗai ba. Don haka mai karatu, in akwai irin gidan nan a layinku, kada ka tsaya a "Allah sarki". Shiga yau, ka tambaye su me za ka kama musu, ko da riƙe waya ne ranar ganin likita.