Hannunsu da Hannunmu

"Wallahi Zakari, in ka hau moton nan, ka manta da ni!"

A zauren gidanmu na faɗa masa, kwana tara da binne Baba. Ban kuma janye ba.

"Zuwaira, sanyin idona, ki saurare ni..."

"Ba na saurare! An gan ka jiya gidan likita kana shafa shi kamar ragon layya."

Babana shi ne Dogo mai moto. Daga Magariya har Dungas ba wanda bai san shi ba. Tun da likitan Faransi ya ba shi moto, wato babur, shekara shida yana kai magani ƙauyuka, yana ɗauko marasa lafiya. Shi ya koya wa Zakari tuƙi, da wasu samari uku, kuma shi ya yi masa alkawarin aurena. Mutum ne da ko kaza ya gani a hanya sai ya rage gudu. Sai ga shi da hantsi, a fili fetal, ya yi karo da kamiyon gyaɗa, babbar motar kaya, kan hanyar iyaka. Ko shurawa bai yi ba.

Yanzu likita ya kawo wani moton daga Damagaram, yana neman mai hawa.

"Yara na zazzaɓi a Waca," in ji Zakari a hankali. "Tun rasuwar Baba ba wanda ya kai musu kinin."

"Su jira jaki!"

Astagfirullah. Na san ban kyauta ba. Amma ni tsoro nake ji, tsoron da ke hana ni haɗiye fura.

Inna tana takaba, sai muryarta muka ji daga bayan zana.

"Zakari, marigayi ya ba ka 'yata, ban hana ba. Amma ba zan fita takaba in zuba ido ita ta shiga ba. Ka zaɓa, ko ƙarfen nan ko Zuwaira."

Bai kai ga amsawa ba aka yi sallama. Wani baƙo ne, siriri, idanunsa jajur. Ya cire takalmi ya durƙusa a ƙasa.

"Ni ne direban motar," ya ce da bakin Kano. "Yau jandarmomi suka sake ni. Na kasa wucewa ban zo ba."

Na miƙe tsaye. "Kai?! Kai ka kashe min uba, har kana da ƙafar shigowa gidansa?"

"Bar shi ya yi magana," in ji Inna.

"Uwa, wallahi na gan shi tun daga nesa. Shi ma ya gan ni. Na kauce masa, na koma hannuna... sai shi ma ya dawo inda na koma."

"Wane hannu?" Zakari ya tambaya.

"Hagu mana." Sai ya fashe da kuka. "Ranar na fara ƙetare iyaka da mota. An gaya min ku dama kuke bi, an gaya min! Amma da na tsorata, hannuna ya riga hankalina."

Zakari ya ɗauki kara ya ja layi a ƙasa.

"Ki duba, Zuwaira. Can ƙasar Ingilishi hagu ake bi, nan ƙasar Faransi dama. Shi yana tahowa daga kudu, hagunsa yamma ne. Baba yana nufar kudu, damansa ma yamma ne. Kowa ya gudu wurin da aka koya masa..."

"Suka haɗu," na ƙarasa.

Na zauna daɓas. Mutanen gari sun yi ta cewa aljanin hanya ne. Ni da ma aljanin ne! Da sai a yi rubutu a sha. Amma wannan fa? Lokacin kaka ne, kamiyon gyaɗa na ƙetarowa kullum, wa ya san hannun da kowane direba zai bi in ya firgita?

"Ka gani?" na ce ina kuka. "Baba bai yi kuskure ba, kuma ya mutu! Kai wa zai bar min kai?"

"In na bari, sauran ukun za su hau, ba su san wannan ba," ya ce. "Ina son ki, Zuwaira, Allah ya sani. Amma kunyar Baba nake ji."

Inna ta matso kusa da zana. Da ta yi magana, muryarta ta dishe.

"Direba, tashi, na yafe maka. Kai kuma Zakari, ka ji sharaɗina. In ka hango kamiyo, ba dama, ba hagu. Ka fita daga hanya ka shiga gona, ka kashe moton, sai ya wuce."

"Inna, za a yi min dariya, a ce yaron Dogo na tsoron mota..."

"A yi! Ka koya wa sauran ukun, a yi muku tare. Ka rantse?"

Ya dube ni. Ya rantse.

Da Inna ta fita takaba aka ɗaura mana aure. Kwana bakwai da tarewata, da safe, ya ɗaure akwatin magani ya nufi kudu. Inna ta zo duba ni, muka tsaya ƙofar gida muna bin ƙarar moton da kunne.

Can sai ga rugugin kamiyo daga wajen iyaka. Ƙarar biyu suka nufi juna.

Sai ta moton ta ɗauke ɗif.

"Wayyo Inna! Na shiga uku!"

Ta riƙe wuyan hannuna gam. Tafinta sanyi ƙalau.

"Tsayawa ya yi, 'yar nan," take ta faɗa. "Tsayawa ya yi... ya Allah, tsayawa ya yi..."

Kamiyon ya iso, ya wuce ta gabanmu. Na ƙura wa gabansa ido ina neman jini. Hanya ta yi shiru. Na kasa kunne.

Sai can nesa, daga cikin gonaki, moton ya yi tari sau biyu ya tashi.

Inna ta saki hannuna ta durƙushe a ƙasa. Tun ranar da aka kawo gawar Baba ban ga hawayenta ba, sai ran nan.