Madarar Itace a Ƙwaryar Barmo

Gatari ya sauka, ƙwallon ya dare biyu, ruwa ya tsiyaya cikin ƙwarya garai-garai kamar na rijiya.

Babu fari, babu kauri.

Rakiya tana laɓe bayan ƙofar zaure tana leƙe.

"Wannan ce madarar?" in ji Barmo, mahaifinta, yana karkata ƙwaryar don dattawan Olelewa su gani.

Ila mai kanti ya rufe baki yana dariya.

Wanda bai ga farin 1984 a Damergu ba, kada ya zo yana ba mu labarin wahala. Mu da muka gan shi muka kuma tashi da ƙafafunmu, mu ne da magana. A shekarar nan garken Barmo ya ƙare ƙaf, har saniyar da yake kira da suna. Bai gama kukan shanu ba likita a Damagaram ya ce yana da ciwon sukari: ya bar fura, ya bar shayi mai zaƙi, tuwon gero ma sai ɗan kaɗan. Nama da ganye da ƙwai, su ne nasa.

Mutumin da ya tashi da nono a baki! Madarar gari ta agaji tana ɓata masa ciki, ta gwangwani kuwa sukari ce zalla. Sai ya yi zuciya ya ture akushi, ya rame har wuyan riga yana zame masa.

Ana cikin haka Hamidu ya aiko neman auren Rakiya. Direba ne, yana jan kamiyo, babbar motar kaya, daga Tanut har Kwatano bakin teku. Barmo ya ce ba ya ba da 'ya ga wanda ɗakinsa ke kan taya. Hamidu ya zo da kansa ya durƙusa ya ce, "Baba, a kudu akwai itacen da ke ba da madara, ba a zuba mata sukari. Kwakwa sunansa."

Barmo ya yi dariya har da tari.

"Kawo ta in sha, Rakiya taka ce. In ƙarya ce, kada in sake ganin takalminka a zaurena."

To ga buhun kwakwar ya iso yau da hantsi a hannun Ila, don motar Hamidu ta lalace a Damagaram, suka haɗu a tasha ya ba shi saƙo, Ila ya yi gaba. Abin da Hamidu bai sani ba, Ila ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan Rakiya.

"Me ya ce maka a yi da su?" Barmo ya tambaya.

"Cewa ya yi a fasa a sha, Baba. Ni dai ɗan aike ne." Ila ya shafa gemu. "Amma ka san direbobi. Kowane gari da irin ƙaryar da suke ajiyewa."

Aka fasa na biyu. Ruwa.

Aka fasa na uku. Ruwa.

Barmo ya jefar da gatarin.

"Yaro ya mai da ni abin dariya da furfurata. In ya iso da la'asar, ku ce ya ɗauki goronsa ya wuce. A watsa wa awaki wannan tarkacen."

Rakiya ba ta san lokacin da ta kai tsakar gida ba. Ta faɗa jikin mahaifiyarta, Umma, wadda ke zaune tana ɓarar gyaɗa.

"Inna... ba ya ƙarya. Wallahi ba ya ƙarya..."

"Ke rufe min baki, kada ubanki ya ji. Da idonki kin ga ruwa."

"Ya ce min ya sha da bakinsa, fara sol, har maiƙo take yi a leɓe."

"Ni ma ubanki ya ce min yana da raƙuma bakwai a Tarka. Har yau ina jiran su."

Rakiya ta yi dariya cikin kuka. Ta sunkuya tana taya ta ɓara, hawaye na ɗiga a faifai. Ta ɗauki ƙwayar gyaɗa guda, ta murje ta da farce, ta tsaya tana kallonta.

"Inna."

"Mene ne kuma?"

"In kika fasa gyaɗa, kina ganin fari a ciki?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"In za ki yi kunun gyaɗa fa? Sai kin daka, kin dama da ruwa, kin tace, sannan farin ya fito. Ko ba haka ba?"

Hannun Umma ya tsaya cak a cikin faifai.

Rakiya ta riga ta tashi da gudu. Ta tarar da awaki sun kewaye gutsattsarin kwakwar a bayan danga suna shinshina, ta kore su da gefen zane, ta kwaso duka a ƙirji. Ta wanke, ta sa wuƙa tana ɓamɓaro farin naman daga jikin ɓawo. Wuƙar ta zame ta yanke ta a yatsa, ta ɗaure da tsumma ta ci gaba.

"Yi a hankali, 'yar nan, ba gudu zai yi ba."

"La'asar ce ke gudu, Inna. Ɗora min ruwa ya yi ɗumi."

Taɓarya ta shiga turmi. Matan Damergu in suka kama daka, dutse ma sai ya ba da haƙuri, bare wani ƙwallon kudu. Uwa da 'ya suka yi ta lugude har naman ya koma laushi kamar ƙullu. Rakiya ta zuba ruwan ɗumi, ta cuɗa da hannu, ta juye a sabon kallabinta, ta murɗa.

Ɗigo na farko ya faɗa ƙwarya.

Fari.

Ta ƙara murɗawa, sai ga shi yana zuba shaaa, da kauri, da kumfa, da wani ƙamshin da gidan bai taɓa ji ba.

"Inna, duba! Duba!"

Umma ta tsoma yatsa ta lasa, ta lumshe ido. Ta shiga ɗaki ta ɗauko ƙwaryar da Barmo yake shan nono da ita tun shanu suna nan, ta goge ƙurarta da kanta.

A daidai nan ƙarar kamiyo ta cika gari.

Hamidu ya diro, riga duk baƙin mai, yana murmushi har kunne. Murmushin ya mutu da ya ga fuskokin da ke zaure.

"Ɗauki goronka," in ji Barmo, ko kallonsa bai yi ba.

"Baba, me na yi?"

"Ruwa ka aiko min. Mun gode, muna da rijiya."

Hamidu ya juya ya dubi Ila.

"Ba sau biyu na maimaita maka a tasha ba? Na ce ruwan ba shi ne ba, naman ake kankarewa a matse. Har ka ce min ka riƙe kamar karatu."

"Ni ban ji haka ba. Ƙarar injin ta yi yawa..."

"Injin da ya mutu tun jiya?"

Dattawa suka juyo gaba ɗaya suna kallon Ila. Kafin ya nemo wata ƙaryar, aka ji sallama a ƙofar cikin gida. Rakiya ce, kanta a ƙasa, ƙwarya rufe da faifai. Ta durƙusa gaban mahaifinta, ta buɗe.

Dattawa suka miƙa wuya suna leƙen ƙwaryar.

Barmo ya daɗe yana kallon farin. Ya shinshina. Ya yi bisimilla ya kurɓa, ya tsaya, ya sake kafa kai, bai ɗago ba sai da ƙwaryar ta rufe masa fuska. Da ya sauke ta, gashin bakinsa ya yi fari, idonsa ya yi ja.

"Ba ta kai nonon shanuna ba," ya ce.

"Ko kusa, Baba," in ji Hamidu.

"Kuma kai ƙwallo kawai ka kawo. Madarar, 'yata ce ta tatso ta."

"Gaskiya ne, Baba."

"To tunda itacen yana wajenka, hannun yana wajenta, raba ku asarata ce. Ku je ku sa rana bayan kaka. Amma ɗaki a Olelewa za ka gina, inda zan ji ƙarar turminta." Ya waiwaya. "Ila, kai kuma in an sake ba ka saƙo, ka ce kunnenka na ciwo."

Ila ya fita da takalmi a hannu, dariya na bin sa har bakin hanya.

A bayan danga Hamidu ya tare Rakiya tana wanke turmi.

"Sanyin idona, wa ya koya miki?"

"Gyaɗa."

"Me ya sami yatsanki?"

"Kwakwarka ce ta cije ni..."

"Bari in je in rama miki."

"Ka makara, na riga na daka ta." Ta ɗago ido, ta sake sunkuyawa. "Na ji tsoro, Hamidu. Na ɗauka shi ke nan..."

"Ni da na kwana ƙarƙashin mota ina kiran sunanki, har makanike ya ɗauka sunan wani ƙarfe ne?"

Ta rufe fuska da tafi tana dariya.

Bayan kaka aka ɗaura aure. Ɗakin amarya gida uku ne kawai daga na Barmo, amma Hamidu ya rantse matarsa ba za ta taka ƙasa ba. Aka sa Rakiya a gaban kamiyo, ƙawayenta suka cika baya suna guɗa, ya zaga Olelewa da ita sau uku yana danna oda, kafin ya tsaya a ƙofar da ake hangowa tun daga inda suka tashi.