Kilen Juma'a

Ranar da Mudi mai gyaran inji ya fara shiga buro, wato ofishin porjen cimaka mai tallafin abinci na garin Agiye, ordinatar, wato kwamfuta, aka kira shi ya duba, amma rabin hankalinsa na kan yarinyar da ke zaune a gabanta. Raliya ce, sakatariyar buron. Ita ma dai ba ta da gaskiya, don layi ɗaya ta yi ta rubutawa tana sokewa har ya gama.

Lokacin sojoji ne ke riƙon ƙwarya, ana ta shirin zaɓe, kuran kuwa, wato wutar lantarki, sai ya ga dama yake zuwa.

"Malama," in ji shi, "duk mel ɗin da ya shigo ta intanet, injin nan na sauke shi ya tara wuri guda a cikinsa. Babu kwafi ko'ina. In ya mutu, sun tafi tare."

Gabanta ya faɗi. Yayanta Sha'ibu na aikin gini a Sabha ta ƙasar Libiya, kuma ta nan yake aiko hotuna. Ranar kasuwa mahaifiyarsu, Inna Shatu, kan biyo ta buro a nuna mata ɗanta a allo.

Mudi ya miƙa mata kile, ɗan abin ajiyar nan da bai wuce yatsa ba. "Duk Juma'a ki rufe manhajar, ki kwafe ajiyar cikin nan."

Sau ɗaya ya nuna mata, a gaggauce. Ita kuma idonta ba a allon yake ba. Ta ce ta gane, shi kuma kunya ta hana shi ya ce ta gwada ya gani.

Daga nan mesaj ta waya ya fara tsakaninsu.

"Sakatariyar zuciyata, yau Juma'a. Kin kwafe?"

"Na kwafe, Injiniyana. Kai ba ka da wata gaisuwa sai wannan?"

"Ina da ita, sai dai a zauren Baba zan faɗe ta."

Mahaifinta, Malam Gado, ya fi karkata ga Hambali, wani ɗan kasuwar hatsi na Cadawa da ya daɗe yana zarya. Amma da ya ga inda yarinya ta dosa, sai ya bar ta da zaɓinta. Aka ce biki sai bayan zaɓe.

Sai yaƙi ya ɓarke a Libiya. Motar da ta kwaso su Sha'ibu ta lalace cikin sahara, kuma yana cikin waɗanda ba su iso ba. Can aka rufe shi. Babu gawa, babu kabarin da za a ziyarta, ko jakarsa ba ta zo ba.

Ana cikin zaman makoki kuran ya dawo da ƙarfi ya ƙona injin buron. Raliya ba ta damu ba, tunda kile na cikin jakarta. Da aka share makoki Inna ta ce, "Kai ni in ga yarona."

Mudi ya kawo wani inji ya saka kilen. Ya daɗe yana duba allon, babu hoto ko ɗaya. Ashe duk Juma'ar nan ɗan tambarin da ake latsawa a buɗe manhajar Raliya ke kwafewa. Marfi ta yi ta adanawa, tukunyar na can ta ƙone.

"Ina yake?" in ji Inna.

Raliya ta buɗe baki, Mudi ya riga ta. "Inna, laifina ne. Ban nuna mata yadda ya kamata ba."

Inna ba ta yi faɗa ba. Ta gyara lulluɓinta ta fita, kuma wannan ya fi faɗa ciwo.

Malam Gado ne ya yanke magana. "Wanda aka ba amanar fuskar ɗana ya ɓatar, ba ni ba shi ɗiyata."

"Baba, wallahi ni ce ban kula ba."

"Kina kare shi ne. Tashi ki ba ni wuri."

Kafin a ce me, Hambali ya dawo da sallama ƙofar gida, turare har maƙwabta. Raliya ta yi ta aika mesaj, Mudi shiru. Ta rame, ta daina cin abin kirki. Ga rashin yaya, ga Inna da ba ta ɗaga ido ta dube ta, ga wanda ta dogara da shi ya ɓace. Har ta fara yarda guduwa ya yi.

Rannan tana wanke-wanke waya ta yi ƙara.

"Raliyata, ban gudu ba, ƙauyukan da nake bi ne babu rezon waya. Na kai injin Maradi, an ce ba ya tashi. Amma Sha'ibu ba shi kaɗai ya zauna Sabha ba. 'Yan ɗakinsu ma suna aiko hotuna ta burorin da nake gyara wa inji, kuma ajiyarsu na nan. Ba ni buɗe ta kowa sai iyayensa sun yarda. Yau ina Gangara, gobe Gidan Rumji. Ki yi mini addu'a."

Ta zauna daɓas gefen kwanukan ta yi kuka mai isarta.

Tafiyar Mudi ba ta zo da sauƙi ba. Wasu suka hana, wasu ya tarar da nasu makokin. Inda aka yarda kuma, sai a buɗe a ga babu Sha'ibu.

Wani hantsi Mudi ya yi sallama, babur duk ya fita hayyacinsa, shi ma haka. Raliya ta laɓe bayan ƙyauren zaure. Ya durƙusa ya miƙa wa Malam Gado hoto mai kala da ya wanko.

"Baba, a Cadakori na samu. Ɗan wasu ne aka ɗauka. Ku dubi bayansa."

Can gefe, Sha'ibu ne tsugune gaban tukunya, ludayi a hannu, yana dariya har da dasashi, bai ma san ana ɗauka ba.

Malam Gado ya tashi da hoton ya shige gida, Raliya ta bi shi.

Inna ta karɓa da hannu biyu, ta shafa gefen hoton da yatsa. "Duk waɗanda ya aiko, tsaye yake ƙiƙam cikin rigar aro," ta ce a hankali. "Wannan ne ɗana. Haka yake dariya tun yana goye."

Ta jawo Raliya jikinta, karo na farko tun ranar buro, sannan ta dubi mijinta.

"Malam, yaron nan ya zagaye ƙasa ya dawo mini da ɗa guda. Ba ni hana shi ɗiya guda."

Bayan an rantsar da sabuwar gwamnati aka ɗaura aure, ba kiɗa ba guɗa saboda rashin da aka yi. Da za a kai amarya, Inna ta sa aka kira ango har ɗakinta, abin da ba a saba ba. Ta haɗa hannuwansu cikin nata.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lahiya. In ya ba ku namiji, kun san sunansa."