Dasashin da Ya Kumbura a Dungu

Duk Tamale, in ana maganar gano mai laifi, a bar wa Insifekta Tahidu. Ya ga gawa, ya ga gobara, harsashi ya taɓa share masa gefen kunne, yana nan daram. Amma ƙara a kan dasashi, bai taɓa ji ba sai da Dokta Mulikatu ta kira shi ɗakin bincikenta a Dungu.

A can take renon naman dasashi cikin ƙananan farantan gilas, ba baki ba haƙori, tana gwada magani a kai.

"Aikin shekara ya lalace," in ji ta. "Naman nan kamar na bakinka ne. Ƙwayoyin cuta suka taɓa shi, sai ya kumbura, fatarsa ta tsage. Waɗannan ban sa musu ƙwaya ba tukuna, maganin wankin baki kawai na ɗiga, amma dubi."

"Ƙwayoyinki ba su tsallaka ba?"

"Iri ɗaya nake ajiyewa. Nan kuwa taron dangi ne, irin na bakin mutum."

Tahidu ya sunkuya. A cikin murfin wani faranti akwai ɗigo-ɗigo ja, ƙanana kamar kan allura.

"Wa ke da makulli?"

"Ni da Fusena, mataimakiyata. Ranar Juma'a ita kaɗai na bari. Kotu zan kai ta."

An riga an tsare Fusena a caji ofis. Ta zauna a gaban Tahidu.

"Wa ya shigo ranar Juma'a?"

"Ba kowa, Baba."

"Buɗe bakinki."

Haƙora farare fat. Wannan ba ta san goro ba.

"Maganin da ake gwadawa, na wa ne?"

Ta ce, "Na Afa Abdul-Rahaman ne, malami mai ba da magani a Lamashegu."

"Me yake gare ki?"

"Kawuna ne. Shi ya rene ni."

"To ki sani, shirun nan zai ci aikinki, ya kai ki gidan yari."

Hawaye ya zubo mata.

Tahidu ya hau babur sai Lamashegu. Ya tarar da Afa a rumfarsa, kwalabe jere, goro cike da kunci.

"Afa, ka taɓa shiga ɗakin Dokta?"

"Ni? Ko ƙofar ban sani ba, ofisa."

"To madalla. Ba ni kwalba ɗaya, haƙorin matata ke ciwo."

Afa ya ɗauko kwalba, ya buɗe, ya karanta addu'a a hankali, ya tofa a ciki, ya rufe. Tahidu ya karɓa ya sake buɗewa. Ga ɗigo ja a cikin murfi.

"Kowane magani kake yi wa haka?"

"Ba na sakin abu ba tofi."

"Har wanda ke cikin farantin Dokta?"

Goron ya tsaya a kuncin Afa.

"'Yarka na bayan kanta," in ji Tahidu. "Ta ƙi faɗin cewa ka shiga. Gobe kotu."

Afa ya sunkuyar da kai.

"Na je gaishe ta ne," ya ce da ƙyar. "Ta bar ni a baranda ta tafi salla. Na ji tsoro kada maganin ya faɗi gwaji, sunana ya zube a kasuwa. Na shiga, na buɗe farantan ɗaya-ɗaya na tofa, na mayar da murfi. Wallahi albarka na nufa."

"Da aka kama yarinyar fa, albarkar me ka nufa da shirunka?"

Afa ya miƙa hannuwa da kansa a sa masa ankwa. A bakin rumfa ya waiwayo.

"Ofisa, addu'ar fa? Ba ta kama ba ke nan?"

"Addu'a ta tafi inda za ta, Afa. Yawun ne ya zauna a faranti. Mu je, a buɗe wa Fusena."