Fiton da Tamu Ya Yi a Rumfar Albasa

Ranar da abin ya fara, yammaci ne kamar kowane yammaci a Sabon Garin Jega. Naja'atu na kwashe tuwo. 'Yarta Raihana, mai shekara goma sha biyar, na zaune a kan turmi da waya a cinya, tana sauraron waƙar babanta. Shi kuwa maigidan, Abdulbasit, yana alwala yana murmushi shi kaɗai, don kwana uku ke nan da ya saki tsofaffin waƙoƙinsa a intanet, mutane kuma sun karɓe su hannu bibbiyu.

Ladan bai gama kiran sallar magariba ba, sai ƙwal! a kan kwanon rufi. Aka sake. Aka kuma sakewa. Naja'atu ta leƙa waje za ta zagi yaran unguwa, ta tarar da lungu wayam. Abin da aka jefo ya gangaro ya tsaya daidai ƙafar Abdulbasit. Albasa ce, da danshin ƙasa a jikinta. Ya dube ta, ya sa ƙafa ya tura ta bayan buta kamar ɓarawo.

Shekara ashirin baya, shi da amininsa Tamu, ɗan ƙauyen Sarandosa, sun kamu da son kiɗan nan na Turawa mai ƙarajin jita da ake kira rok. A gida ba dama, sai suka riƙa lallaɓawa wata rumfar ajiyar albasa a bayan Aliero, inda Tamu ke gadi. Jita ɗaya ce da su, da tsohon durom a matsayin ganga, da rakoda mai batir shida. Tamu ne mai murya, shi ne kuma mai tsara waƙa. Abdulbasit, gaskiya dai, jita kawai ya iya.

Wata rana magariba ta riske su, batir na neman mutuwa. Abdulbasit ya nace sai an buɗe waƙar ƙarshe da fito da baki. To, wane ɗan da aka goya a ƙasar nan ne bai san ba a yin fito da magariba ba? Tamu ya ƙi, ya sake ƙi. Abdulbasit ya yi ta yi masa dariya yana kiransa baƙauye, har kunya ta sa ya yi. Bayan mako guda Tamu ya fara magana shi kaɗai. Bayan wata shida an sa masa mari a ƙafa. Bai shekara ba ya rasu. Abdulbasit ya ɗauki kaset ɗin da suka naɗa ya gudu Abuja, ko gaisuwar mutuwa bai je ba.

Bana, bayan ya daɗe da dawowa Jega, ya tono kaset ɗin daga ƙasan akwati. A ɗan situdiyonsa, inda yake haɗa waƙoƙin biki, ya zuba shi a kwamfuta, ya goge muryar Tamu ya ɗora tasa. Fiton ne kawai ya kasa taɓawa, don daɗinsa ya yi yawa. A farko kuma ya yi wa kansa kirari irin na mawaƙa: ni ne Abdulbasit Jega, mai waƙa, mai jita, mai fito. Kai, ɗan Adam!

Kashegari da magariba jifan ya dawo. Rana ta uku aka fara jin fito daga ɗakin da babu kowa. Rana ta huɗu Raihana ta saki kwanon miya, ta miƙe ƙiƙam a tsakar gida, ta karkata kai, ta yi fiton nan daga farko har ƙarshe. Yarinyar da ko kyanwa ba ta iya kira ba. Daga nan ta daina cin abinci, ta daina amsa sunanta.

“Baban Raihana,” in ji Naja'atu, “wanga sauti na cikin waƙarka ne. Mi ka yi?”

“Ban yi komi ba,” ya ce, bai kalle ta ba.

Ya san abin da ya yi sarai. Duk sanda ya dubi 'yarsa, fuskar Tamu yake gani, kunya da tsoro suka hana shi sakat. Da ya ga idanunta sun fara zurmawa, ya hau babur ya nufi Dangamaji, ya ɗauko Malam Sharif, dattijon da aka sani da yi wa masu iska karatu.

Malam ya zauna bayan la'asar, ya sa aka riƙe yarinyar, ya fara karatu a hankali. Inuwa ta yi tsawo, ta haye katanga. Kaji suka shige akurki tun lokacinsu bai yi ba. Da rana ta kusa faɗuwa, Raihana ta buɗe baki, muryar wani tsoho ta fito, a dushe, a gajiye.

“Malam, bar ƙona ni. Kirana anka yi, na zo.”

“Wa ya kira ka?” Malam ya tambaya.

“Mai gidan ga. Da bakinai ya ce shi na mai hito. Shekara ashirin ina kwance ga rumhwar albasa ba wanda ya dame ni. Yanzu kowace magariba sai na ji kira, da sunan mai kira a gaba. Na biyo suna.” Idanun yarinyar suka juyo kan ubanta. “Amma ni na san wancan baki. In ƙarya ka yi, hwaɗi mai shi in tahi gidansu. Na san hanyar Sarandosa. Akwai tsohuwa can, ita ɗai.”

Abdulbasit ya gane tsohuwar: Inna Dije, mahaifiyar Tamu. Kalma ɗaya zai furta, 'yarsa ta kuɓuta, bala'in ya koma gidan da ya riga ya jefa wa bala'i sau ɗaya. Wallahi sai da kalmar ta zo masa har bakin harshe. Naja'atu na kallonsa, hawaye na zuba.

“Bakin Tamu ne,” ya ce da ƙyar, “amma kiran nawa ne. Ya ƙi, ni na matsa mai. Waƙoƙin ma nashi ne duka, sata na yi. Kada ka taɓa tsohuwar nan, kada ka taɓa ɗiyata. In kamu za ka yi, ga ni.”

“Ba ka kama kowa,” Malam ya ce, ya ɗaga murya da karatu har yarinyar ta banƙare tana ƙara.

“Tsaya, tsaya! A yanka mani baƙin rago in tahi.”

“Ba mu yanka wa kowa sai Allah.”

Muryar ta yi ƙasa. “To, a bar kirana. Na tsuhwa, Malam. Waɗanda sunka kunna ba da sani ba, ba ruwana da su. Shi dai ya cire sunanai, ya cire waƙar. Kaset kuma ya sha wuta kahin rana ta hwaɗi gobe.”

Malam ya sa aljanin ya rantse da Wanda ya halicce shi cewa ba zai dawo ba, ba kuma zai nufi Sarandosa ba. Ya rantse. Raihana ta yi atishawa sau uku, ta sulale a cinyar uwarta, can ta ce a ba ta ruwa. A gaban Malam, Abdulbasit ya ciro waya ya cire waƙar daga intanet.

Da sassafe ya tura kaset a aljihu, ya ɗaure tsohuwar rakodar a bayan babur, ya bi hanyar Maiyama. Hantsi ya ɗaga lokacin da ya yi sallama a Sarandosa. Ya tarar da Inna Dije a gindin zaure tana tsince gero, ta ƙanƙance, idonta ya yi hazo. Ya durƙusa ya faɗi sunansa, ya kuma faɗi komai, bai rage ko ɗaya ba.

Ba ta daina tsintar ba. “Na sani,” ta ce. “Ya gaya mani tun yana da hankalinai. Ya ce kada in riƙe ka. Ban riƙe ka ga hiton ba, Basi, ajali ne. Rashin zuwanka na riƙe.”

Abdulbasit ya kifa kai, kuka ya ƙwace masa, gandan-gandan da shi da furfura a gemu.

“Wanga abu da za ka ƙonawa,” ta ce, “da muryatai ciki?”

“Da ita, Inna. Ta cikin kwamfuta na goge, ta kaset tana nan.”

“Ko hoto bai bar mani ba. Kunna in ji, sau guda.”

Ya zura biro a ramin kaset ɗin, ya juya a hankali har ya tabbata ya wuce fiton, sannan ya sa shi a rakodar ya danna. Zaren kaset ya yi shuu. Kafin jita ta shigo, sai ga dariyar saurayi, sabuwa fil kamar jiya aka yi ta, da muryar Tamu kusa da rakoda:

“Kai Basi, ka sa ni! Wallahi in Inna ta ji na yi hito da magariba, kashina ya bushe.”

Tsohuwar ta ajiye faifan gero. Ta laluba ta ɗora tafin hannunta a kan rakodar, kamar mai taɓa goshin yaro don jin zazzaɓi.

“Na ji, ɗan nan,” ta ce. “Na ji. Ba ni dukanka.”

Ta saurari waƙar har ƙarshe. Sannan ta tashi da kanta ta ɗebo garwashi.