Wa Ya Tura Maka?

A wani gari an yi wata yarinya da aka tura wa waƙar reno a waya. Waƙa ta zaga gari, amma babu sunan mai ita.

Ƙawayenta suka ce, "Muryar kamar taki! Ki ce taki ce, ki yi suna."

Ta ce, "Ba ni na yi ba. Sai na nemo mai ita."

Ta je wajen telan da ya tura mata. "Malam, wa ya tura maka?" Ya ce direba. Ta bi direba har tasha. "Wa ya tura maka?" Ya ce mai shayi. Ƙafa ta gaji, yarinya ba ta fasa ba.

Mai shayi ya sosa ƙeya. "Ta bayan katanga na ɗauka. Maƙwabciyata ce ke yi wa jikanta."

Tsohuwar ko waya ba ta da ita. Da yarinya ta je ta kunna mata waƙar, tsohuwa ta ji muryarta, ta riƙe baki.

Yarinya ta ce, "Iya, gari ya ji ki, bai san ki ba. In kin yarda, faɗi sunanki in haɗa da waƙar."

Tsohuwa ta gyara kallabi, ta matso kusa da wayar. "Ni ce Tabawa. Kuma mai shayi rabin waƙar kawai ya sata. Tsaya ki ji sauran."